Idan Doka Ta Zama Zalunci: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ikon Masu Taya Alƙali Yanke Hukunci

Lokaci zuwa lokaci labari kan fito daga Ingila ko Amurka cewa an gurfanar da wani, hujja ta tabbata a kansa, shi ma bai musa ba, amma kotu ta sallame shi. Wanda ya saba da kotunanmu zai ce cin hanci ne ko sa bakin manya. Sau da yawa ba haka ba ne. Mutum 12 ɗin da ke taya alƙali yanke hukunci ne suka duba dokar, suka ga ba za su iya ɗaure ɗan Adam da ita ba.

Su wane ne waɗannan mutanen, kuma mene ne aikinsu?

Mutanen gari ne: direba, malamar makaranta, mai shago, ɗan fansho. Ana ɗauko sunayensu ta hanyar ƙuri'a, galibi daga rajistar masu zaɓe, a aiko musu da sammaci su zo su zauna a shari'a ɗaya. Su ake kira juri. A Ingila da mafi yawan kotunan Amurka su 12 ne a manyan laifuffuka, a Sikotilan 15.

An raba aikin gida biyu. Alƙali shi ke bayyana abin da doka ta ce, shi ke tantance shaidar da za a saurara, kuma galibi shi ke faɗin tsawon ɗauri. 'Yan juri kuwa tambaya ɗaya ce a gabansu: wanda ake tuhuma ya aikata ko bai aikata ba? Bayan sun gama sauraro sai su shiga ɗaki su kaɗai, a rufe ƙofa, su tattauna, su fito da amsa.

To ta yaya za su ƙi aiki da doka, alhali ba su ke fassara ta ba?

Ba a rubuta musu wannan iko a wata doka ba. Abubuwa huɗu ne suka haɗu suka haifar da shi. Amsar da suke bayarwa gajeriya ce, "da laifi" ko "babu laifi", ba a tambayar su dalili. Abin da aka faɗa a ɗakin shawara sirri ne. A Ingila ma laifi ne ɗan juri ya fallasa shi. Idan suka wanke mutum, gwamnati ba ta da ikon ɗaukaka ƙara a kan wankewar, kuma a Amurka gyara na biyar na kundin tsarin mulki ya hana a gurfanar da mutum sau biyu kan laifi guda. Na ƙarshe, ba a hukunta ɗan juri saboda hukuncin da ya yanke.

Idan ka tara waɗannan, ka ga cewa duk ranar da mutum 12 suka ce "babu laifi", magana ta ƙare, ko da alƙali ya tabbata a ransa cewa sun kauce wa doka. A 2005 kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokacin, wato alƙalan Majalisar Dattawa, ta yanke cewa babu wani hali da alƙali zai umarci juri su ce mutum yana da laifi. Kotun ƙolin Kanada ta faɗi haka a 2006.

Yaushe aka daina hukunta su?

A 1670, kuma da wahala aka samu. A wancan lokacin dokar Ingila ta hana mutane fiye da biyar taruwa don ibada a wajen cocin gwamnati. Mabiya ɗariƙar Kirista da ake kira Kwaika sun tarar an tsare ɗakin ibadarsu da ke titin Gracechurch a Landan, sai biyu daga cikinsu, William Penn da William Mead, suka tsaya da jama'a a kan titi, Penn ya yi wa'azi. Aka kama su, aka kai su kotun Old Bailey a watan Satumba, ana tuhumar su da haddasa haramtaccen taro.

Da juri suka dawo, sai suka ce sun samu Penn da laifin yin magana a titin Gracechurch. Iyakar abin da suka faɗa ke nan, kuma magana a titi ba laifi ba ce. Alƙalai suka harzuƙa, suka mayar da su ɗaki, suka sake mayar da su. Daga baya aka ba da umarni a kulle su ba abinci, ba abin sha, ba wutar jin ɗumi, ba taba, har sai sun kawo hukuncin da kotu ke so. Kwana biyu suka yi a haka. Da suka fito a galabaice, sai suka ce babu laifi a kan mutanen biyu gaba ɗaya.

Kotu ta ci kowannensu tarar sama da fam 26, kuɗi mai yawan gaske a zamanin, ta ce a kai su kurkukun Newgate har sai sun biya. Wani ɗan kasuwa daga cikinsu, Edward Bushel, ya ƙi biya, ya zauna a tsare na makonni, ya nemi babbar kotu ta duba dalilin tsare shi. Babban alƙali John Vaughan ya ce a sake shi. Hujjarsa ita ce mutum biyu na iya jin shaida ɗaya su fahimce ta daban, don haka alƙali ba shi da hanyar tabbatar da cewa juri sun yi ƙarya, balle ya hukunta su. A lura, Vaughan bai ce suna da haƙƙin watsi da doka ba. Ya dai ɗauke sandar da ake dukan su da ita, kuma wannan ya wadatar. Har yau akwai allo a bangon Old Bailey da ke tunawa da su. Penn kuwa shi ne ya kafa Pennsylvania a Amurka bayan shekara 11.

Wankewar mutum ɗaya ba ta soke doka. Ya taɓa kawo canji na gaske?

Gaskiya ne, hukuncin juri ba ya zama abin kafa hujja a wata shari'ar. Amma dokar da ake yawan ƙin ɗaure mutane da ita ba ta daɗewa.

A ƙarni na 18 laifuffukan da ke jawo rataya a Ingila sun yi ta ƙaruwa har suka haura 200. Wanda ya saci kayan da suka kai sule 40 a cikin gidan wani, igiya ce makomarsa. Sai juri suka riƙa yi wa kayan sata kuɗi sule 39, ko da kowa a kotun ya san sun ninka haka. Abin ya kai masu dukiya da kansu suna kai kuka majalisa a sassauta hukuncin, domin tsananinsa ya sa ɓarayi na kuɓuta. A shekarun 1820 da 1830 aka soke kisa a mafi yawan waɗannan laifuffuka.

A New York a 1735, an gurfanar da mai buga jarida John Peter Zenger saboda jaridarsa ta caccaki gwamna William Cosby. Dokar lokacin ta ce gaskiyar magana ba ta kare mai sukar hukuma. Lauyansa Andrew Hamilton ya amsa cewa Zenger ne ya buga, sannan ya juya ga juri ya roƙe su su duba ko abin da aka buga gaskiya ne. Suka wanke shi.

Na kusa da zamaninmu shi ne Clive Ponting, babban jami'i a ma'aikatar tsaron Birtaniya. A yaƙin tsibiran Falkland na 1982, Birtaniya ta nutsar da jirgin ruwan yaƙin Ajantina mai suna General Belgrano, mutum 323 suka mutu. Ponting ya aika wa ɗan majalisa Tam Dalyell takardun da ke nuna cewa bayanin da ministoci suka yi wa majalisa ba daidai ba ne. Aka tuhume shi da karya dokar sirrin gwamnati ta 1911. Ya ce don maslahar ƙasa ya yi. Alƙali ya gaya wa juri cewa maslahar ƙasa ita ce manufar gwamnati mai ci. A Fabrairun 1985 suka wanke shi, kuma a 1989 aka sake rubuta dokar.

Wane misali ne ya fi nuna amfanin wannan iko?

A ganina, shari'o'in da suka biyo bayan dokar kamo bayin da suka gudu, wadda majalisar Amurka ta yi a 1850. Dokar ta wajabta wa mutanen jihohin arewa, inda babu bauta, su taimaka a kamo duk wanda ya tsere daga kudu. Wanda ya ɓoye shi ko ya taimaka masa zai biya tarar da ta kai dala 1,000, ya kuma yi ɗaurin da ya kai wata shida a gidan yari. Wanda ake cewa bawa ne ba shi da damar ba da shaida, kuma an hana a kai maganarsa gaban juri. Jami'in da ke sauraron ƙarar ana biyansa dala 10 idan ya miƙa mutumin ga mai da'awar mallakarsa, dala 5 idan ya sake shi. Masu rubuta dokar sun san abin da mutanen gari za su yi idan aka tambaye su, shi ya sa suka toshe hanyar.

Sai dai wanda aka tuhuma da taimaka wa bawa, dole a kai shi gaban juri. A Fabrairun 1851 aka kama Shadrach Minkins a Boston, inda yake aiki a wani gidan sayar da abinci bayan ya tsero daga Norfolk ta jihar Virginia. Wasu baƙaƙen fata suka kutsa cikin kotu, suka fizge shi daga hannun jami'ai, aka bi da shi gida-gida har ya isa Montreal a Kanada. Shugaban ƙasa Millard Fillmore ya nace a hukunta waɗanda suka yi. Aka gurfanar da mutane da dama, ciki har da Lewis Hayden, wanda shi ma tsohon bawa ne, da lauya baƙar fata Robert Morris. Ba a samu ɗaure ko mutum ɗaya ba. A watan Oktoba na shekarar aka yi irin wannan ceto a Syracuse ta jihar New York, kuma a cikin duk waɗanda aka tuhuma mutum ɗaya kawai aka samu da laifi.

Dokar nan halastacciya ce ta kowace fuskar tsari: majalisa ta zartar, shugaba ya sa hannu, kotuna sun amince. Duk da haka zalunci ce tsantsa. Alƙali da ya rantse zai bi doka hannunsa a ɗaure yake. Wanda ya rage ya ce a'a shi ne talakan da ke zaune a kujerar juri.

Idan haka ne, me ya sa alƙalai ba sa gaya wa juri suna da wannan iko?

A da suna gaya musu. A 1794 babban jojin Amurka na farko, John Jay, ya shaida wa juri cewa suna da haƙƙin duba doka kamar yadda suke duba hujja. Amma a 1895 kotun ƙoli ta juya baya, ta ce aikin juri shi ne su karɓi doka daga bakin alƙali. A 1972, a shari'ar wasu masu adawa da yaƙin Biyetnam da suka fasa ofishin kamfanin Dow Chemical a Washington, kotun ɗaukaka ƙara ta amince cewa ikon yana nan kuma ya yi amfani a tarihi, amma ta ce kada a sanar da juri, don gudun kada a riƙa amfani da shi barkatai. A 1997 wata kotun ta ƙara da cewa ana iya cire ɗan jurin da ya fito fili ya ce ba zai bi doka ba, sai dai in akwai yiwuwar cewa hujjar ce ba ta gamsar da shi ba.

Ban gamsu da wannan matsayi ba. Ikon da ake ɓoye wa mai shi yakan amfani wanda ya yi sa'ar samun mai karatu a cikin jurinsa, ya bar wanda bai samu ba. Amma fargabar alƙalan ba ta banza ba ce, kamar yadda tambaya ta gaba za ta nuna.

Rigimar tana nan da ranta. A Maris na 2023 wata tsohuwar ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Trudi Warner, ta tsaya a ƙofar wata kotu a Landan inda ake shari'ar masu fafutukar sauyin yanayi, riƙe da kwali mai tunatar da juri cewa suna da haƙƙin wanke mutum bisa abin da zuciyarsu ta gaya musu. Lauyoyin gwamnati suka nemi a hukunta ta da laifin raina kotu. A Afrilun 2024 babbar kotu ta ƙi ba da izinin shigar da ƙarar.

Ashe wannan ba ƙofa ba ce ta sakin azzalumai?

Ƙofa ce, kuma an bi ta. Duk mai kare wannan iko da bai iya duban shari'ar Emmett Till ido da ido ba, bai san abin da yake karewa ba.

Till yaro ne baƙar fata ɗan shekara 14 daga Chicago, ya je hutu wurin dangi a jihar Misisipi a Agustan 1955. Aka ce ya yi wa wata farar mata rashin kunya a shagonsu. Mijinta Roy Bryant da ɗan'uwansa J. W. Milam suka je cikin dare suka ɗauke shi daga gidan kawun mahaifiyarsa, Mose Wright. Bayan kwana uku aka tsamo gawarsa daga kogin Tallahatchie, an ɗaura masa wani ƙarfen injin gurzar auduga a wuya da waya mai ƙaya. Mahaifiyarsa ta ce a bar akwatin a buɗe, duniya ta ga abin da aka yi wa ɗanta. A kotu, tsoho Mose Wright ya miƙe tsaye ya nuna su da yatsa, abin da baƙar fata bai isa ya yi wa farar fata ba a Misisipin wancan zamani. Juri suka shiga ɗaki, bayan minti 67 suka fito suka ce babu laifi. Watanni kaɗan bayan haka mutanen biyu suka karɓi kuɗi daga mujallar Look suka ba da labarin yadda suka kashe shi, sun san ba mai iya sake gurfanar da su.

Ikon da ya ceci waɗanda suka ceci Shadrach shi ne ya saki makasan Till, babu bambanci ko kaɗan a tsari. Amma a duba su wa suka zauna. Duka 12 ɗin maza ne farar fata. Baƙaƙen fata ne suka fi yawa a gundumar, amma an hana su rajistar zaɓe, shi ya sa ko ɗaya bai cancanci shiga juri ba. Mata kuwa sai 1968 jihar ta ba su damar zama. Wannan juri ba jama'ar gari ba ce, ɓangaren da ke danne sauran ne aka ba alƙalancin kansa. Shari'ar wanda ya harbe ɗan fafutuka Medgar Evers a 1963 ta tabbatar da haka: sau biyu a 1964 juri na farar fata zalla suka kasa cimma matsaya a kan Byron De La Beckwith, amma a 1994 juri mai baƙaƙe 8 da farare 4 ta same shi da laifi. Maganin cutar shi ne a buɗe kujerun ga kowa, kuma nan Amurka ta nufa, misali da hukuncin kotun ƙoli na 1986 da ya hana masu gabatar da ƙara cire mutum daga juri saboda launin fatarsa.

Majalisa ce ke yin doka. Wa ya zaɓi mutum 12 su ture abin da wakilan miliyoyi suka zartar?

Wannan ita ce suka mafi ƙarfi. Idan kowace juri za ta zaɓi dokar da take so, mutum biyu da suka yi laifi iri ɗaya za su samu sakamako daban, kuma wannan ma rashin adalci ne. Sannan sun yi rantsuwa za su yanke hukunci bisa shaida.

Amsata ita ce, ba juri kaɗai ke da zaɓi a harkar shari'a ba. Ɗan sanda yakan ga laifi ya kau da kai. Mai gabatar da ƙara yakan ajiye fayil ko ya janye tuhuma. Gwamna da shugaban ƙasa suna yin afuwa. Duk waɗannan ma'aikatan hukuma ne, kuma ba wanda ya ce sun rusa doka. Juri ne kawai wurin da mutumin da ba ya cin albashin gwamnati yake da ta cewa kafin a rufe ɗan'uwansa a kurkuku. Kuma mai rubuta doka a majalisa bai taɓa ganin fuskar wanda za ta hau kansa ba. Juri suna kallonsa kwana da kwanaki. Abin da nake gani ya dace shi ne a riƙe ikon don ranar da bin doka zai zama zalunci bayyananne, kada a mai da shi hanyar fifita ɗan gida ko ɗan ƙabila.

Suna iya ɗaure wanda doka ta wanke?

Suna iya cewa "da laifi" don ƙiyayya, amma wannan ba ya ɗorewa kamar wankewa. Alƙali na da ikon dakatar da shari'a idan hujja ba ta isa ba, kuma wanda aka ɗaure yana iya ɗaukaka ƙara.

Yana kama da ƙa'idar tunkuɗe haddi da shubuha?

Akwai kusanci ta fuskar niyya. Mafi yawan malaman fiƙihu suna kan cewa kuskure wajen yafewa ya fi kuskure wajen hukunci sauƙi, kuma an ruwaito cewa Sayyidina Umar bai yanke hannun ɓarawo ba a shekarar yunwa. Amma a can alƙali ko shugaba ne yake duba ko sharuɗɗan hukuncin sun cika, yana aiki a cikin shari'ar da kanta. Juri kuwa jama'ar gari ne suke ƙin zartar da dokar da mutane irinsu suka rubuta, kuma suke iya gogewa.

Akwai wannan tsari a ƙasashenmu?

A Najeriya babu. An yi shari'a da juri a Legas tun zamanin Turawa, aka soke a mulkin soja na shekarun 1970. A Gana tsarin yana nan: kundin tsarin mulkin 1992 ya tanadi juri a laifuffuka mafi girma irin su kisan kai, kuma su 7 ne suke zama. A Faransa mutanen gari suna zama a manyan shari'o'i, amma tare da alƙalai suke shiga ɗakin shawara, don haka ba su da sararin da takwarorinsu na Ingila suke da shi.

Wasu ƙasashen sun watsar da shi. A Indiya, a 1959, juri a Bombay suka wanke hafsan sojan ruwa K. M. Nanavati da ƙuri'a 8 da 1 bayan ya harbe masoyin matarsa. Babbar kotu ta ture hukuncin, kuma cikin shekarun da suka biyo baya ƙasar ta daina amfani da juri a shari'ar laifuffuka. Afirka ta Kudu ta soke nata a 1969.

Ikon yana da tasiri har yanzu?

Yana fitowa jefi-jefi. A Janairun 2022 juri a Bristol ta Ingila suka wanke mutum huɗu da aka tuhuma da tumɓuke gunkin Edward Colston, attajirin da ya yi arziki da cinikin bayi daga Afirka ta Yamma, gunkin da masu zanga-zanga suka jefa a ruwa a Yunin 2020. Ba su musa cewa suna cikin waɗanda suka yi ba, ko da yake lauyoyinsu sun kawo hujjojin kariya da doka ta sani.

Abin da ke rage masa ƙarfi a yau shi ne ƙarancin shari'o'in da ke kaiwa gaban juri. A Amurka fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake samu da laifi amsawa suke yi bayan ciniki da mai gabatar da ƙara: ka amsa ƙaramin laifi ka yi shekara biyu, ko ka je gaban juri ka fuskanci ashirin. Talakan da ba shi da lauya mai ƙarfi yakan amsa, kuma ba wani ɗan gari da zai ji labarinsa.

Idan ɗanmu mazaunin Ingila ko Amurka ya samu sammacin zama a juri, me ya kamata ya yi?

Ya je, kada ya nemi uzurin ƙarya, domin kujerar da ya bari wani ne zai zauna a kanta. Idan aka yi masa tambaya lokacin tantancewa ya faɗi gaskiya, domin ƙarya bayan rantsuwa laifi ce da ake hukuntawa. Kada ya bincika shari'ar a intanet, kada ya tattauna ta da kowa a waje. A Ingila an ɗaure 'yan juri a kan haka. A ɗakin shawara ya saurari sauran, ya faɗi abin da ya gani. Idan bai gamsu ba, ba a tilasta masa ya bi yawa: a Amurka, tun hukuncin kotun ƙoli na 2020, ba a samun mutum da babban laifi sai duka juri sun yarda, a Ingila kuwa alƙali na iya karɓar hukuncin mutum 10 cikin 12 bayan sun ɗauki lokaci suna shawara.